Yadda Kunyar Ɗan Fari Ta Kusa Raba Ni da Ɗana

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya jarrabe mu kuma Ya tausaya mana. Ni malamar Islamiyyar matan aure ce a Dudunni ta ƙasar Kusada, kuma ban saba fitar da zancen gidana waje ba. Wannan karon na rubuta ne saboda iyaye irina, masu ɗan fari a gida, waɗanda za su ga yaro yana ƙarewa a gabansu su kawar da kai don kada a ce ba su da kunya.

A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta zama hira da shi, in an yabe shi a gabanta sai ta yi kamar ba ta ji ba. Ni kuwa na kai abin matuƙa, har misali ake yi da ni. Tun da aka yaye shi uwar mijina, Hajiya, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, ni kuma na koma ce masa Ɗan Hajiya. In ina so ya ci abinci sai in fuskanci bango in ce, "Ga tuwo nan in akwai mai ci." In ya gaishe ni in amsa ina kallon murhu. Ya girma, ya koyi ɗinki, ya buɗe shago a bakin titi a Kankia, ya yi aure har da 'ya'ya biyu, duk ban taɓa taka ɗakinsa ba, alhali sashensa a cikin gidanmu yake. Alfahari nake yi da hakan a lokacin.

Abin da babu wanda ya lura da shi, duk gidan nan Hajiya kaɗai ke da bakin tambayarsa. Babansa, Malam, kunyarsa yake ji kamar yadda nake ji. Matarsa Rabi tana ganin girmansa. Ƙannensa su ce "Yaya, ina kwana" su wuce. Hajiya ce ke tare shi a tsakar gida ta ce, "Kai mijin banza, zo nan, mi ya ɓata maka rai?" Sai ya zauna bakin tabarmarta su yi ta faɗan wasa irin na kaka da jika, kafin ya tashi ta tatse duk abin da ke cikinsa. Allah Ya yi mata rasuwa da kaka, ana tsakiyar roron wake.

Da aka watse daga zaman makoki kowa ya koma harkarsa, shi bai koma ba. Makara ya fara yi. Mutumin da ƙarar babur ɗinsa ce ke tayar da kajin gidan, sai ga shi hantsi ya yi yana kwance. Rabi ta ce ba barci yake yi ba, idonsa biyu yake kwana yana kallon rufin ɗaki. Kwanon tuwonsa ya riƙa dawowa an ɗan taɓa gefe. Ya daina zuwa majalisar abokansa, ya bar aski, riga ɗaya ta yi masa kwanaki a jiki, tela guda. Duk ina gani, don uwa ba ta rasa gani, da wutsiyar ido nake kallon ƙasusuwan wuyansa suna fitowa. Iyakar abin da na yi, na ƙara man shanu a miyarsa na ba ƙanwarsa ta kai.

Da ya fara kukan ciwon kai, da zafi a tsakiyar ka, da wani abu da ke yi masa yawo a jiki, sai hankalinmu ya ɗan kwanta, don mun samu ciwon da za a iya nunawa. Mai kemis ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka yi allurai. Da ba a ga sauƙi ba ya ce taifot ne, aka sha ƙwayoyi. Daga nan 'yan dubiya suka karɓi aikin likita. Wata ta ce ciwon shawara ne, a jiƙa masa saiwa. Wani ya ce sammu ne, a dubi masu shago kusa da nasa. Ƙanen Malam ya ce a bincika aljihunsa, samarin yanzu ba a shaidarsu. Goggonsa Talatu, yayar Malam da ke aure a Kafin Soli, ta zo da rubutu cikin galan da kayan hayaƙi. An yi addu'a, kuma ban raina addu'a ba, har gobe da ita nake tsaye. Amma cikin masu shawarar nan kaf ba wanda ya zauna ya tambayi mai ciwon abin da yake ji a ransa.

Ni ma na ba da tawa gudummawar. Wata rana waɗanda suka ba shi ɗinki suka biyo shi har gida daga Kankia suna neman yadikansu, suka yi ta ɗaga murya a ƙofar gida. Kunya ta kama ni, ta juye ta zama fushi. Da suka tafi na tsaya tsakar gida na ce wa bango, "Wasu dai an ba su lafiya da sana'a sun zaɓi kwanciya. Tsohuwa ta tafi da shekarunta, sai ka ce a kansa aka fara rashi." Na san yana ji, don shi na yi. Har yau in na tuna wannan maganar sai in ji abinci ya fita raina.

Da watan Sha'aban ya kama sai ya tashi. Ya yi aski, ya yi wanka, ya sa fararen kaya. Ya je Kankia ya mayar wa kowa da yadinsa, ya ba abokin aikinsa keken ɗinkinsa ya ce ya riƙe. Ya bi gida gida a unguwa yana neman gafara, har wurin waɗanda bai taɓa saɓawa da su ba. Mutane suka yi ta sa masa albarka. Sannan ya hau babur har Kafin Soli, don yaro mai tarbiyya ba ya tarar uwar da ke kunyarsa gaba da gaba. Washegari sai ga Goggo Talatu da fara'arta.

"Ɗan naki ya aiko ni," in ji ta. "Ya ce ki yafe mashi duk abin da ya yi maki, tun shina ciki."

"Ɗan Hajiya dai," na gyara mata. "Mi ya yi mani? Ki ce na yafe, duniya da lahira."

"Ai kau yaro ya dawo hayyacinshi. Rubutun nan ya yi aiki."

Na ji daɗi har raina. Ranar Juma'a har waina na toya na raba sadaka. Azumi ya matso, kowa neman gafara yake yi, ban ga abin tambaya a ciki ba.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Malam ya tafi kasuwa, ina tankaɗen gari a ƙofar ɗakina, sai Rabi ta zo ta durƙusa.

"Inna, Baban Ummi shina yi mani wata magana da ban gane ba."

"Wace iri?"

"Ya ce in na gama takaba kada in tahi da yara nesa, in bar su kusa da ke."

Mutum da ransa, yana zaune a ɗaki, yana tsara wa matarsa takaba. Rariya ta suɓuce daga hannuna. Rabi ta kwance bakin zaninta ta nuna mini abin da ta tarar ya ɓoye, ta ɗauke ba da saninsa ba. Ba zan faɗi ko mene ne ba, sanin ba zai amfani kowa ba. A take fararen kayan nan, da keken da aka bayar, da neman gafarar, duk suka haɗu a kaina suka zama abu ɗaya. Bankwana yake yi, mu kuma muna ta sa masa albarka.

Ku ji abin da na fara yi, don saboda shi nake wannan rubutun. Waya na ɗauka na kira Goggo Talatu. Ɗana yana ɗaki yana shirin barin duniya, ni ina neman wadda za ta taso daga Kafin Soli ta yi masa magana a madadina. Wayar ta ƙi shiga. Na sake dannawa. Rabi, yarinyar da tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa haɗa ido da ni ba, ta ɗago ta dube ni.

"Inna, shi kaɗai ne a ɗaki."

Na ajiye wayar. Na ratsa tsakar gida hannuna duk gari, na ɗaga labulen da ban taɓa ɗagawa ba. Yana zaune bakin gado ya zuba hannuwa a kan gwiwa. Na buɗe baki, Ɗan Hajiya ya zo mini har kan harshe, na haɗiye shi.

"Lawal."

Ya ɗago ya dubi bayana, yana neman wanda ya kira shi. Bai san yadda sunansa yake a bakina ba.

"Lawal, ni ce." Na zauna kusa da shi na kama wuyan hannunsa, hannun da rabona da shi tun yana shan nono. "Ina za ka?"

Can ya ce, "Inna, na gaji. Ni kaya ne bisa kanku. In ba ni, kowa ya huta."

Ina koyar da mata karatu, amma ranar ko aya ɗaya ba ta zo mini ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "To na janye yafiyar da na aiko maka. Ban yafe ba. Ba inda za ka." Sai ya fashe da kuka, irin kukan da bai yi ba ranar da aka fita da Hajiya. Ban saki hannunsa ba har Malam ya dawo.

Malam ya saurari Rabi yana tsaye, bai ko cire hula ba ya juya ya nemo mota. A ranar muka kai shi asibiti a Kankia. Wata ma'aikaciyar jinya, Allah Ya saka mata, ta fitar da kowa ta zauna da shi, sannan ta kira mu. Ta ce kada a bar shi shi kaɗai ko na ɗan lokaci, a kwashe duk abin da zai iya cutar da kansa da shi daga inda hannunsa zai kai, kuma mu wuce Katsina wurin likitan da ya san irin wannan ciwon. Da labari ya isa gida ƙanen Malam ya taso yana faɗa.

"Asibitin mahaukata za ku kai shi? In gari ya ji, wa zai auri ƙannenshi mata?"

Malam, mutumin da bai taɓa sa baki a zancen yaron nan a gaban jama'a ba, ya ce, "Su tsufa a ɗakin uwarsu, in dai shi zai rayu."

Jinyar Katsina ta faɗo cikin azumi, ga zafin bazara. Mu fita da sassafe mu tsaya bakin titi jiran mota, mu isa mu tarar da benci ya cika, layi ya kai waje. Wani zuwan sai an kusa la'asar ake kiranmu, baki ya bushe, ƙafa ta kumbura. Tunkiyata ta tafi a kuɗin mota da magani, waken da muka ajiye na iri ma ya bi ta. Ina da ƙorafi a nan, kuma zan faɗa: ciwon da ya yi yawa haka a cikin mutane bai kamata sai an yi wannan doguwar tafiya kafin a ga mai maganinsa ba. A kan bencin nan na ga manoma, na ga malaman makaranta, na ga masu jego, kowa yana sunkuyar da kai kada ya haɗu da ɗan garinsu.

Likitan yaro ne, bai fi sa'an Lawal ba. A gabana ya dube shi ya ce, "Kana tunanin kashe kanka?" Na zabura na ce, "Likita, ana faɗin wannan?" Ya ce, "Mama, tambaya ba ta saka wa mutum tunanin da ba shi da shi. Wanda yake da shi kuwa, sauƙi yake ji in an tambaye shi." Ya ce sunan abin ciwon damuwa. Ya ce ba hauka ba ne, ba lalaci ba ne, kuma ba raunin imani ba ne, ciwo ne kamar hawan jini, yana kama mai sallar dare kamar yadda yake kama kowa, kuma yana jin magani. Da na ba shi labarin aski da fararen kaya sai ya girgiza kai. Ya ce mai irin wannan ciwon in ya tashi rana ɗaya ya natsu, yana rabar da kayansa yana sallamar mutane, lokacin ne ya fi kamata a ji tsoro.

Maganin ba ya aiki da wuri, ya gargaɗe mu. Makonnin farko sai na ga kamar ƙara masa ciwo aka yi: jiri, bushewar baki, kasala. Lawal ya ce a bar maganin, ba amfani. Muka raba zama, Rabi da dare, ni da rana, Malam ya ja shi masallaci ya dawo da shi. Zaman ranar nan ya yi mini wuya fiye da layin asibiti, don ban san me ake cewa da shi ba. Ɗana ya haura talatin, ban san abin da yake so ba, ban san abin da ke ba shi dariya ba. A nan na ji cewa tun yana yaro ba ya son man shanu a miya, Hajiya ce ke cinye masa. Na yi dariya, na fita bayan ɗaki na yi kuka.

Bayan Sallah ya fara cin abinci, barci ya fara ɗaukarsa. Wata la'asar ina tsince masa gyaɗa ya yi mini maganar da har yanzu take ci na.

"Inna, ranar da na aiki Goggo, na so ki ce mi ya faru. Ko ki ce a kira ni. Da ta dawo ta ce kin yafe, sai na ce shi ke nan, ba sauran abin da ya riƙe ni."

Ba da zargi ya faɗa ba, labari yake ba ni. Likita ya ce ba ni na sa masa ciwo ba, Malam ya faɗa, shi kansa Lawal ya faɗa. Na yarda da su. Amma na san yaro ya miƙo hannu ta hanyar da muka koya masa, ni kuma na mayar masa da amsa ta hanyar da aka koya mini, kuma da Rabi ba ta yi ƙarfin hali ba da yanzu wani labarin nake rubutawa. Wannan nauyin ban sauke shi ba tukuna.

Da ruwan fari ya sauka ya bi babansa gona shuka. Abokin aikinsa ya dawo masa da kekensa har gida, ya ce dama ajiya ya ɗauke shi. Ganin sauƙi ya samu, masu shawara suka dawo: ai ya warke, ƙwayar nan in an saba da ita ba a rabuwa. Ya daina sha bai gaya wa kowa ba. Ana maimai a gonaki na ga kwanon tuwo ya fara dawowa an taɓa gefe. Wannan karon ban nemi kowa ba. Na shiga na zauna na yi masa tambayar likitan nan da bakina, kalma da kalma. Ya ce tunanin ya fara leƙowa, amma bai yi ƙarfi ba. Washegari muka koma Katsina, aka mayar da shi kan magani, aka ce ba mai tsayar da shi sai wanda ya rubuta shi.

Yanzu yana buɗe shago. Akwai ranakun da yake tashi da nauyi, yakan faɗa, mukan zauna. Malam har gobe bai kira sunansa ba, sai dai ya ce mini, "Ki tambayi mutumin naki ko ya sha magani," amma duk ranar asibiti shi ke fara sa takalmi. Malam ɗin ya je ya gaya wa limaminmu komai, liman kuma ya yi wa mutane nasiha cewa wanda ya ce ya gaji da rayuwa ba wa'azin wuta yake buƙata ba, a zauna da shi a kai shi asibiti. Mata kuwa sun samu abin faɗa a gidan biki: Malama ta tsufa ta zubar da kunya, tana kiran ɗan fari gatsal kamar 'yar birni. Wasu sun daina aiko 'ya'yansu ɗaukar wuta gidanmu. Ban ce a yar da kunya ba, da ita aka raine mu. Na dai ce kowane gida a duba a gani, wane ne ba shi da mai tambayarsa.

Haka na faɗa wa ɗalibaina wata Asabar bayan an tashi karatu, na ba su labarin tun daga makara har zuwa fararen kaya. Da yamma sai ga ɗaya daga cikinsu, Kulu, dattijuwa ce sa'ata, ta yi sallama ta zauna tana murza bakin hijabi. Ta ce 'yarta ta zo wankan jego gida, tun da ta haihu ba ta ci, ba ta barci, jariri na kuka tana kallon bango. Jiya an ji ta tana cewa da ma ita ce ta tafi wurin haihuwar.

"Malama, ke da kika san abin, ki zo ki yi mata magana."

Na sa hijabi muka tafi. Na gaya mata a hanya cewa gobe da safe asibiti za a kai yarinyar, ni zan raka su, kuma daga yau ba a barin ta ita kaɗai. Da muka isa ƙofar ɗakin ta tuɓe takalmi ta matsa gefe ta ba ni hanya. Ban motsa ba.

"Shiga," na ce.

"Malama, ɗiyar fari ce fa."

"Na sani. Shiga ki kira ta da sunanta, ki tambaye ta."

Ta dube ni, ta dubi labule, ta dubi hanyar zaure. Na sunkuya na kwashe takalmanta na riƙe a hannu. Ta tsaya har na fara jin tausayinta, sannan ta ɗaga labulen ta shiga. Na ji ta yi gyaran murya, ta sake yi. Ban ajiye takalman ba sai da na ji sunan ya fito.